Gasar Mawaƙa a Katsina da Daura: Tambayoyin da Ake Yawan Yi Mini

Duk lokacin da aka kammala wata gasar waƙa a garin nan, ko ta makaranta ce, ko ta ƙungiyar matasa, ko wadda wani mai hali ya ɗauki nauyi, wayata ba ta hutawa sai bayan kwana uku. Wanda ya faɗi yana neman ba'asi, uban wadda ta zo ta biyu yana rantsuwa an yi coge, wani kuma yana tambaya ko ya sayi fom ɗin ta gaba. Ni malamin Hausa ne, an sha zaunar da ni a kujerar alƙalanci a nan Katsina, sau biyu kuma a Daura. Na tattara tambayoyin da suka fi maimaituwa, na bar su kusan yadda aka yi mini su.

Malam, wai ana iya auna waƙa da maki kamar jarrabawar lissafi?

Rabi ana iyawa, rabi ba a iyawa, kuma rigimar gasa duk a rabin na biyu take. Abin da yake aunuwa a fili yake: karin waƙa ya karye ko bai karye ba, amsa-amo ya zo da kansa ko jawo shi aka yi da ƙarfi, murya ta zauna a kan kiɗa ko ta zame, mawaƙi ya manta ɗango ya cike gurbin da guna-guni, 'yan amshi sun karɓa a kan gaɓa ko sun makara. Waɗannan ko alƙalai goma aka tara, da wuya su yi nisa da juna.

Sai kuma azanci, da zaƙin murya, da abin nan da ke sa tsigar jiki ta tashi. A nan kowa da kunnensa. Na taɓa zama tsakanin wani dattijo da ya tashi da waƙoƙin fada, wanda in ba a yi kirari mai nauyi da habaici ba to bai ji waƙa ba, da wani matashi mai sitidiyo da ba abin da yake bi sai hawa da saukar murya. Yaro ɗaya, waƙa ɗaya, wannan ya ba shi 8, wancan ya ba shi 4. Kuma ba wanda ya ci amana a cikinsu.

To su Shata wace gasa suka ci da har yau ake jin su?

Ba kofi ne ya yi su ba, amma kada ka ɗauka ba su yi gasa ba. Tasu ma ta fi zafi, don ba ta da ranar rufewa.

Alhaji Mamman Shata an haife shi a Musawa a 1923, kuma ba gidan makaɗa ya fito ba, mahaifinsa ma bai so sana'ar ba. Daga dandali da kasuwa ya fara, inda ba kujerar alƙali, ba takardar maki. Alƙalansa su ne 'yan matan da za su tsaya ko su watse, da mai biki da zai aika a kira shi ko a kira wani, da mai liƙi da zai sa hannu a aljihu ko ya naɗe hannunsa. Ya ci wannan jarrabawa dare bayan dare har shekaru fiye da hamsin, kafin ya rasu a 1999 a binne shi a Daura. Digirin girmamawa da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi daga baya ya zo, bayan jama'a sun daɗe da yanke hukunci. Haka Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa: matan cikin gida ne suka zaɓe ta, biki bayan biki, da ƙwarya da amada.

A fada ma haka abin yake. Sarkin Taushi da makaɗan kotso da na jauje duk kunnen sarki ɗaya suke nema, kuma wanda waƙarsa ta fi shiga shi ke fita da riga ko doki. Zambo da habaicin da makaɗa ke yi wa juna ai gasa ce tsagwaronta.

Sai dai kada mu yi wa zamanin da ado fiye da kima. Wancan fage ma yana da nasa rashin adalci. Wanda ba shi da ubangida yakan tsufa a ƙauye ba a san shi ba, wanda ba ɗan gado ba sai ya sha gori kafin a saurare shi, kuma wanda gidan rediyo bai ɗauka ba muryarsa ta tafi da shi. Abin da wancan ya fi na yanzu da shi guda ne: tsawon lokaci. Mura ta kwana ɗaya ba ta kayar da mutum.

Idan haka ne, mene ne amfanin gasar yanzu?

Na farko dai tana sa rana. Matasanmu da yawa suna da waƙa rabi-rabi guda talatin a waya, ba ko ɗaya da aka gama. Ranar da aka ce 20 ga wata za a rufe karɓa, sai ka ga an zauna an gyara baiti, an nemi makaɗi, an yi atisaye. Ko ba a ci komai ba, an fita da waƙa kammalalla.

Na biyu tana buɗe ƙofa ga wanda ba shi da kowa. Misalin da na fi so ba na waƙa ba ne, na rubutu ne, amma daga garin nan ya fito. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta sa gasar ƙagaggun labarai da Hausa. Wani matashin malami da ke koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina ya aika da nasa, yana cikin waɗanda suka yi nasara, aka buga Ruwan Bagaja. Daga nan aka san Abubakar Imam a Zariya, har ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939. Hazaƙar tasa ce tun asali. Gasar dai ta kai ta inda za a gan ta.

A waƙa ma akwai irin wannan. Gidan rediyon Faransa, RFI, yana da gasar zaƙulo sababbin mawaƙan Afirka tun 1981, kuma ta nan Habib Koité da Rokia Traoré na Mali suka fita duniya. Maƙwabtanmu na Nijar suna da gasar da suka sa wa sunan Ɗan Gurmu, makaɗin Tawa, wadda ƙungiyoyin kiɗan zamani na jihohinsu suke karawa a cikinta. A Kudu, mawaƙa Iyanya da Chidinma ta gasar waƙa ta talabijin mai suna Project Fame aka san su.

Sai na uku, wanda ba a cika faɗa ba: haɗuwa. Yaron Mashi mai murya ya gamu da na Dutsin-Ma mai iya fiyano a bayan fage suna jiran a kira lambarsu. Na san waɗanda yanzu tare suke cin abinci, kuma duka biyun a zagayen farko aka fitar da su.

Wanda ya zo na ɗaya shi ne ya fi kowa ke nan?

Shi ne ya fi gamsar da waɗannan alƙalai, a wannan rana, da wannan waƙa. Iyakar abin da kofi ke faɗa ke nan. Mawaƙiyar Amurka Jennifer Hudson ta bakwai ta zo a gasar waƙa ta American Idol ta 2004, bayan shekara uku ta karɓi babbar kyautar fim ta Oscar. Mawaƙiyar Najeriya Omawumi ta biyu ta zo a gasar Idols West Africa a 2007, bai hana ta zama abin da ta zama ba.

Gaskiya, Malam, alƙalai ba sa son kai?

Suna yi. Wanda ya ce maka ba a yi, bai taɓa zama a kujerar ba. Amma cin hanci tsirara, a ba ka kuɗi ka ɗaga wane, shi ne mafi ƙaranci a abin da na gani. Wanda ya fi yawa shi ne wanda mai yin sa ma bai san yana yi ba.

Ka duba yadda garinmu yake. Masu fahimtar waƙa har a kira su alƙalanci ba su da yawa, kuma su ne dai masu koyar da yaran, ko masu sitidiyon da yaran ke zuwa, ko abokan iyayensu. Na taɓa ɗaga kai a wata gasa sai na ga ɗalibina a kan fage, yaron da ni na gyara masa amsa-amon waƙar da yake rerawa. Na san inda ya sha wahala, na san abin da yake nufi a baitin da bai fito sosai ba, sai kunnena ya riƙa cike masa gurbi. Sauran 'yan takara ba su da mai cike musu. Na ba shi maki, daga baya na duba takardata na ji kunya. Tun daga ranar, in na san ɗan takara sanin da ya wuce gaisuwa, sai in ajiye biro in ce a yi amfani da makin sauran alƙalai kawai.

Akwai kuma nauyin ido. Babban alƙali ya gyaɗa kai ya ce "madalla", ƙaramin da ke gefensa yana jin nauyin ya rubuta 5. Akwai garinci: na Daura ya ji karin harshen gida sai zuciya ta yi laushi, na Funtuwa ma haka.

Wannan ba cutar Hausawa kaɗai ba ce. Gasar fiyano ta Chopin da ake yi a birnin Warso na ƙasar Folan tun 1927, duk shekara biyar, tana cikin mafi daraja a duniya. A 1980 ɗaya daga cikin alƙalanta, Martha Argerich, ta ajiye aikin cikin fushi saboda an fitar da wani matashi, Ivo Pogorelich, kafin zagayen ƙarshe. A 2015 kuwa, da aka fitar da makin alƙalai a fili, sai aka ga wani ya ba Seong-Jin Cho na Koriya ta Kudu maki 1 cikin 10 a zagayen ƙarshe, alhali shi ya lashe gasar. Abin lura shi ne an gani. Duniya ta san wane ne ya ba da makin, kuma makin mutum ɗaya bai isa ya kayar da yaron ba.

Shi ya sa ni na daina tambayar ko alƙali mutumin kirki ne. Tambayata ita ce wane shinge aka yi masa. Alƙalai su kai biyar, kada su zama uku. Kowa ya rubuta makinsa shi kaɗai, a karɓe takarda kafin a yi magana. A jefar da maki mafi sama da mafi ƙasa, a tara na tsakiya. Wanda ke da ɗalibi ko ɗan'uwa a ciki ya faɗa tun kafin a fara. Sannan a liƙa makin kowane alƙali da sunansa a bango bayan an gama. Wannan na ƙarshen shi masu shirya gasa suka fi gudu, kuma shi ya fi duk sauran aiki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

An ba ni lamba ta ɗaya, abokaina sun ce an kashe ni. Camfi ne?

Ba camfi ba ne gaba ɗaya, ƙanena. A gasar kiɗa ta Sarauniya Elisabeth ta ƙasar Beljiyam, mutum 12 ne ke kai wa zagayen ƙarshe, ana sauraron biyu kowane dare, kuma ƙuri'a ce ke tsara wanda zai fara. Masu bincike sun bi sakamakon shekaru da dama suka ga waɗanda suka fito a kwanakin ƙarshe sun fi samun matsayi mai kyau, alhali ƙuri'a ba ta san gwani ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Alƙali yana riƙe maki da farko don bai san abin da ke tafe ba, kuma wanda ya ji yanzu-yanzu ya fi zama a kunnensa.

A nan gida akwai ƙarin matsala: mai lamba ta ɗaya shi ake gwada lasifika a kansa, kuma rabin kujeru babu kowa. Mai lamba ta 40 kuma yakan tarar da alƙalai sun gaji, ana duban agogo saboda magariba. Ka nemi a jefa ƙuri'a a gaban kowa, in zagaye biyu ne a juya jerin a na biyu.

Shiga da ado suna ƙara maki?

A takarda a'a, a ido e. Wani bincike da Chia-Jung Tsay ta wallafa a 2013 ya nuna wa mutane 'yan takarar ƙarshe na manyan gasannin kiɗa, wasu sauti kawai, wasu hoton bidiyo ba sauti. Masu kallo ba sauti sun fi dacewa da wanda alƙalai suka zaɓa. Wasu manyan ƙungiyoyin kiɗa a Amurka tun shekarun 1970 suke sa labule tsakanin mai neman aiki da masu zaɓe saboda irin wannan. Zagayen farko da murya kawai, da lamba a maimakon suna, abu ne da ko gasar unguwa za ta iya. Amma a zagayen ƙarshe ba na ganin laifin a duba tsayuwa da riƙon fage, don mawaƙinmu da ma a gaban jama'a yake aiki. A dai faɗa tun farko maki nawa ne.

Ba gara a bar jama'a su zaɓa ta Facebook ko saƙon waya ba?

Wannan tana auna yawan jama'arka, da kuɗin katinka, da wanda ke da ƙungiyar magoya baya. Ɗan Sabuwar Unguwa mai abokai dubu biyar a Facebook zai binne makaɗin gurmi daga wani ƙauyen Baure da ko babbar waya ba shi da ita, tun kafin a saurari ko ɗaya. In kuma kowace ƙuri'a kuɗi ce, to gwanjo ake yi. Ga masu sayar da "like" na bogi a gefe.

Ba na cewa a kori jama'a, don su ne masu waƙar a ƙarshe. Gasar waƙa ta Eurovision ta Turai, wadda ake yi tun 1956, ta sha zargin ƙasashe maƙwabta na zaɓen junansu, daga 2009 ta koma raba makin zagayen ƙarshe biyu, rabi na alƙalai rabi na masu kallo. In za a yi a nan, ni na fi son a ware kyauta daban a kira ta zaɓin jama'a, kowa ya san abin da take nufi.

Daidai ne a haɗa mai kalangu da mai fiyano a rukuni ɗaya?

Ba daidai ba ne, kuma kusan kullum mai kalangu ke kwana ciki. Shi ya zo da mutum shida, kowa da bakinsa da kuɗin motarsa, makirfo biyu aka ba su, kalangun ya danne amshi. Ɗayan ya zo da kiɗansa a waya, an riga an tace shi a kwamfuta, wani lokaci har da muryar da na'ura ta daidaita tana bi ta ƙasa. Kunnen da ya saba da sautin sitidiyo zai ji na farko kamar hayaniya.

Ma'aunin ma ba ɗaya ba ne. Waƙar baka ana duba yadda jagora ke saƙa ɗiya, wato baitocinsa, a kan gindin waƙa, wato amshin da ake maimaitawa, da yadda yake ƙirƙira nan take in ya hango wani a cikin taro, da fahimtar da ke tsakaninsa da 'yan amshi. Rubutacciya ana duba kari da ƙafiya da tsarin ɗango. Ta zamani tana da nata. Masu bege da mandiri su ma daban. A raba rukuni, kuma a rukunin zamani a sa kowa ya rera ko baiti biyu ne ba kiɗa, a ji muryar da Allah ya ba shi.

Me ya sa musabaƙar Alƙur'ani ba ta cika rigima irin tamu ba?

Karatun Alƙur'ani ba waƙa ba ne, kada a haɗa su. Tsarin gudanarwa kawai nake nufi, kuma a nan akwai darasi. Musabaƙar ƙasa, wadda Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke jagoranta tun 1986, tana hawa ne daga ƙaramar hukuma zuwa jiha zuwa ƙasa. Rukuni a rabe yake gwargwadon izu, maza daban mata daban. An san abin da ake dubawa: hadda, tajwidi, sauti. In mai karatu ya yi kuskure ana yi masa alama nan take, kowa a zauren ya ji. Su suna da nassi da ƙa'idar da ba ta canzawa, mu ba mu da wannan. Amma matakala daga ƙananan hukumomi 34 na jihar nan, da raba wa kowane alƙali abin da zai saurara, waɗannan ba abin da ya hana mu ara.

An ce in biya kuɗin fom. In biya?

Ka yi lissafi tukuna. A ce fom dubu biyar ne, mutum ɗari biyu suka saya, miliyan ɗaya ke nan. In kyautar farko dubu ɗari biyu ce, ka tambayi kanka ina sauran. Akwai kuɗin zaure da janareta da lasifika, gaskiya ne, amma mai niyyar kirki ba ya jin haushin tambaya. Ka nemi sanin su wane ne alƙalai, wa ya ci ta bara, kuma ya karɓi abin da aka yi masa alkawari ko hoto kawai aka ɗauke shi da ƙaton kwali mai siffar cek. Na san yaron da har yau kwalin yana jingine a ɗakinsa. In aka ce sai ka ƙara kuɗi kafin ka wuce zagaye na biyu, ɗauki takalminka.

Waƙar da na shiga gasa da ita, tawa ce ko tasu?

Taka ce, sai in ka sa hannu ka ba da ita. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sabunta aka sa mata hannu a 2023, ta tanadi cewa mallaka wa wani haƙƙin aiki sai a rubuce. Matsalar ita ce fom ɗin shiga gasa shi ma rubutu ne. Wasu suna cusa layi ɗaya a ƙasa da ƙananan haruffa, cewa duk waƙar da aka shigar ta zama mallakar masu shiryawa, har ta waɗanda suka faɗi. Ba da izinin a sa waƙarka a tallar gasar na wani lokaci abu ne mai sauƙi. Sallama ta har abada wani abu ne daban. In fom ɗin da Turanci yake kuma bai zauna maka ba, kai wa wanda zai karanta maka kafin ka dangwala. Ka kuma ajiye shaidar ranar da ka yi waƙar, ko da tura wa kanka ne ta waya.

Gasar da ɗan siyasa ko kamfani ya sa fa?

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. In an ce a yi wa wane waƙa, ko a yi wa kaya talla, to wanda ya fi iya wasa mai gida shi zai ci, kuma mai gidan ne alƙalin ƙarshe ko da ba ya zaure. Yabo sana'a ce mai tarihi a ƙasar Hausa, ba na raina ta. Ka dai sani cewa masu shiryawa na iya tashi da waƙoƙi ɗari a farashin kyauta uku, kuma waƙar siyasa tana manne wa mai ita bayan zaɓe ya wuce. Katsina ƙaramin gari ne wajen tuna wa ya yi wa wa waƙa.

Malam, 'yata ce ke son shiga, ni kuma hankalina bai kwanta ba.

Hajiya, damuwarki tana kan hanya. Ki tambayi wurin da za a yi da lokacin tashi, ko akwai mata a cikin masu shiryawa da alƙalai, ko an yarda wani nata ya raka ta har bayan fage. Duk wanda ya ce ta zo "gwaji" ita kaɗai a wani ɗaki ko otal, an gama magana. Ki tambayi kuma inda bidiyon zai tafi, don abin da ya hau intanet ba ya saukowa.

Ta fuskar adalci kuwa, 'yan mata suna shiga da nauyin da maza ba su da shi: in ta motsa a ce ta yi rawar kai, in ta tsaya cik a ce ba ta riƙe fage ba. Rukunin mata daban yana rage wannan. Gasar Hikayata ta gajerun labarai da BBC Hausa ta fara a 2016 don mata zalla ta nuna yawan masu basirar da ke cikin gidaje suna jiran a buɗe musu ƙofar da iyaye za su amince da ita.

Na tabbata an cuce ni. In fito in faɗa a TikTok?

Ka kwana biyu tukuna. Sannan ka nemi bidiyon abin da ka yi a ranar, ba wanda ka ɗauka a sitidiyo ba, ka saurara kai kaɗai. Da yawa daga masu kirana, in na ce su yi haka, ba sa sake kira. Wanda ke kan fage ba ya jin kansa yadda zaure ke jin sa, musamman in lasifikar da ke fuskantarsa ba ta aiki.

In ka saurara har yanzu kana kan bakanka, je ka nemi takardar makinka cikin ladabi, ka tambayi alƙali ɗaya inda ka rasa. In suka hana, ka samu abin faɗa, kuma ka faɗe shi a kan tsari: ba a nuna maki ba, an canza ƙa'ida a tsakiya, alƙali wane malamin wanda ya ci ne. Zagin wanda ya ci ba ya ƙara maka komai, shi ma shiga ya yi kamar kai. Kuma masu shirya gasar gaba suna kallo.

Mu matasan unguwa ne a Daura, muna son shirya tamu bayan Sallar Gani. Da me za mu fara?

Da takarda ɗaya, da Hausa, a liƙa ta kuma a karanta ta da murya saboda waɗanda ba sa karatun boko: rukuni nawa, minti nawa kowa zai yi, me ake ba maki kuma nawa, su wane ne alƙalai, mene ne kyauta kuma yaushe za a miƙa ta. Bayan an fara, ko sarkin yaƙin ƙungiyarku bai isa ya canza layi ɗaya ba.

Kyautar ta kasance a hannu kafin a sayar da fom na farko, ko da buhun shinkafa ne da turmin atamfa. Ku ɗauko alƙali ɗaya ko biyu daga wajen gari, Kazaure ko Katsina, ku haɗa da tsohon makaɗi guda da mace guda. Ku sanar da mai unguwa da hukuma tun da wuri, ku tsara lokaci yadda ba zai ci salla ba. Ku aika har Zango da Sandamu da Mai'aduwa, kuma in da hali ku ɗauke wa masu zuwa da 'yan amshi kuɗin mota, in ba haka ba 'yan cikin gari kaɗai za ku gani. Ku gwada lasifika da wani wanda ba ɗan takara ba. Man janareta kuma ku saya da rara, don na taɓa ganin wuta ta ɗauke ana tsakiyar waƙar mutum na ƙarshe, aka kwashe awa ɗaya ana gardamar ko ya sake daga farko ko ya ɗora daga inda ya tsaya. Wannan ma ku rubuta shi a takardar.